Ƙofar da Ba Wanda Ya Tashi Ya Buɗe

A Caleta Huilque, kamar ko'ina a gaɓar tekun Chile, girgizar ƙasa suna biyu gare ta. Ƙarama ita ce temblor, kuma duk wanda ya ajiye kofin shayinsa saboda ita ya zama abin dariyar unguwa. Babbar, mai hana mutum tsayuwa da ƙafafunsa, ita ce terremoto, wadda ba a ambatonta a banza. Doña Eduvigis kuwa ta fi kowa riƙo da wannan bambanci, kai ka ce gadon gidansu ne.

Surukarta Yusmary ba a nan aka haife ta ba. Daga Venezuela Heriberto, ɗan Eduvigis, ya auro ta, shi ya sa ko mota ce ta wuce taga ta yi ƙara, sai ka ga ta yi wuf ta buɗe ƙofa ta tsaya a bakinta tana haki. Haka kwamitin unguwa ya koya musu ranar atisaye: da ƙasa ta motsa a buɗe ƙofa, kafin gini ya murɗe ta ƙi buɗuwa.

"To, ga mai gadin ƙofa ta kama aiki!" in ji Eduvigis duk lokacin, tana dariya har da riƙe ciki. "Dawo ki zauna, 'yar nan, kada ki haifo mini jika matsoraci."

Ta faɗa a gida, ta faɗa a kasuwar kifi, har mata suka ɗauka. Yusmary ba ta taɓa mayar mata da magana ba.

Ran nan da la'asar suna shan shayi da burodi a kicin ɗin bulo da Heriberto ya gina bayan gida, mai ƙofar ƙarfe da sandunan ƙarfe a taga saboda ɓarayi. Shi yana can tsakiyar teku wajen kamun kifi. Sai cokula suka fara kaɗawa a kan tebur.

Eduvigis ta dubi surukarta ta gefen ido. Yusmary ta dafe tsohon cikinta da hannu ɗaya, ɗayan ya ƙanƙame bakin tebur. Amma ba ta tashi ba.

"Yauwa! Yau kin zama 'yar gari," in ji Eduvigis. "Temblor ce, yanzu za ta…"

Ba ta ƙarasa ba. Ƙasa ta yi wani irin gurnani, ta watsar da su duka biyun. Kabad ɗin kwanuka ya kifo ya daki gwiwar Eduvigis, bututun murhu ya ɓalle, toka ta turnuƙe ɗakin. Ta yi ta yi ta miƙe, ta kasa. Da ƙyar abin ya lafa.

"Mama, wannan fa?" Yusmary ta tambaya daga ƙarƙashin tebur, muryarta can ƙasa.

"Terremoto ce. Buɗe ƙofa, mu hau tudu. Bayan irin wannan teku kan janye, sannan ya dawo ya cinye gari."

Yusmary ta murɗa hannun ƙofa. Ta ja, ta tura, ta sa kafaɗa. Ina! Bango ya karkace ya danne ƙofar gam. Eduvigis ta rarrafo ta cusa ƙarfen tona wuta a tsagin, suka danna tare har ƙarfen ya lanƙwashe, ƙofa ko gezau.

Suka koma taga suna kwarara ihu. Jiniya na kuka, karnuka na haushi, suna jin gudun mutane ta babban titi, amma wa zai ji su a bayan gida? Ƙofar gaban gidan a buɗe take tun safe, duk mai leƙowa zai ɗauka sun riga sun fita. Waya kuma ta mutu murus.

Eduvigis ta ji tsoro, tsoron da rabonta da shi tun tana yarinya. Ta ji kunya kuma, wadda ta fi tsoron ciwo. Da bakinta ta zaunar da yarinyar nan.

"Da ma na tashi," in ji Yusmary tana kuka. "Na so in tashi, Mama."

"Na sani. Share hawayenki, ba lokacinsa ba ne. Dubi sama."

Kicin ɗin ba shi da silin. A kusurwa, girgizar ta ɓalle kwanon rufi ɗaya, haske na shigowa. Suka ja tebur zuwa wurin, suka ɗora kujera a kai. Eduvigis ta tsaya da ƙafa ɗaya ta rungume ƙafafun kujerar, gwiwarta na zugi kamar ana soka mata allura.

"Hau."

"Da wannan cikin?"

"Da shi mana! Ko ajiye shi za ki yi? Hau na ce!"

Yusmary ta hau tebur, ta hau kujera, ta tura kwanon da kai da hannu har sauran ƙusoshin suka saki. Ta kama katakon rufi tana nishi, gefen kwano ya yage mata riga ya yanke ta a hannu, Eduvigis na tura tafin ƙafarta daga ƙasa tana yi mata tsawa. Da ƙyar da jiɓin goshi ta fita. Sai ta tsaya tana hangen teku.

"Me kika gani?"

"Ruwan ya tafi, Mama. Jiragen ruwa duk suna kwance a kan laka."

Ta leƙo ta ramin, ta miƙo hannu. Eduvigis ta dubi teburin, ta dubi kujerar da babu mai riƙe mata, ta dubi gwiwarta da ta kumbura suntum. Ko da lafiyarta, jikin nan nata ba na hawan rufi ba ne.

"Ki sauka ta kan tulin itace, ki bi hanyar tudu. Kada ki waiwayo."

"Ba inda za ni in bar ki."

"Ke dai akwai taurin kai! Ba ki ji Don Nolberto na kwamiti yana buga ƙofar nan ba? Ga shi nan da guduma. Shi zai goya ni, ke kuwa wa zai goya ki? Wuce!"

"Ban ji komai ba."

"Ta ina za ki ji kina can sama? Ni da nake ciki na ji. Za ki kashe mini jika ne don gardama?"

Babu wani Nolberto. Eduvigis ta ɗauki ƙarfen nan ta bubbuga ƙofar da kanta, da ƙarfi, sannan ta ɗaga murya: "To, Don Nolberto, a hankali, ina nan!"

Ta ji takun ƙafa a kan kwano, ta ji itace ya zube, ta ji gudu mai nauyi yana nisa. Sai ta ajiye ƙarfen.

Garin ya yi shiru. Jiniya ta daina, karnuka ma sun bi mutane. Ta ja jiki ta hau teburin da ƙyar, ta zauna ƙarƙashin ramin tana kallon ɗan sararin sama. Ta yi addu'a, ta ɓace a tsakiya, ta sake farawa.

Can sai lasifika ta taso daga kan tudu. Nolberto ne na gaske, yana kiran sunayen mutane gida gida don a san wanda ya iso tudu, kamar yadda aka saba a atisaye. Wanda ya amsa, a wuce shi. Wanda bai amsa ba, a sake kira. Eduvigis ta riƙe numfashi tana bin layinsu da kunne, gidan mai burodi, gidan gwauruwa Clorinda, sannan nasu.

"Yusmary Rondón!"

Bai maimaita ba. Ta amsa ke nan.

Eduvigis ta saki numfashi, hawaye suka zubo mata. Daga wajen teku wata ƙara ta taso, kamar manyan motoci sun jero a kan tsakuwa. Ruwa baƙi ƙirin ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Eduvigis Saldivia!"

Ta ɗaga kai wajen ramin.

"Eduvigis Saldivia!"

"Ga ni," ta ce. "Ga ni nan, Nolberto."

Lasifikar ta sake kiran sunanta.