Tsaunukan da Ruwan Sama Ya Sassaƙa

Malam Ayyub yana zaune a zaurensa a garin Yendi bayan sallar asuba sai wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa Sahada ce, wadda ke karatun ilimin duwatsu, ta kira shi ta bidiyo. Makarantarsu ta tura ta wani tsibiri mai suna Bohol a ƙasar Filifin.

"Baba, duba abin da ke bayana!"

Ta juya wayar. Malam ya gyara tabarau. Tsaunuka ne masu tsini, duk kamannin juna, har iyakar gani.

"Kai! Wane manomi ne ya tada kunyoyin doya haka? Ko mutanen Salaga, gwanayen doya, ba su kai nan ba!"

Sahada ta yi dariya har wayar ta karkace. Ta ce sun haura dubu. Yawancinsu tsayinsu mita talatin zuwa hamsin ne, babban cikinsu ya wuce mita ɗari.

"To wa ya tara su?"

"Ba tara su aka yi ba, Baba. Da can wurin nan ƙarƙashin teku yake. Ɓawon ƙananan halittun ruwa ya taru ya zama dutsen farar ƙasa. Ƙasa ta ɗago, ruwan sama ya yi ta cin dutsen a hankali, ya bar waɗannan a tsaye."

Malam ya ce, "Subhanallah. Amma ruwa ya ci dutse, Sahada? Sai na gani."

Da ta dawo gida hutu, ta zo da wani farin dutse irin na tsaunukan da ta samo a wajen garin Buipe, don an hana ɗaukar na Bohol. Ta kankare shi a faranti, ta matsa lemun tsami a kan garin. Sai ga kumfa tana tashi da ɗan sauti. Ta ce ruwan sama ma yana da tsami, kaɗan ne kawai.

Malam ya kai kunne kusa da farantin, ya fashe da dariya.

"Dutse yana tafasa ba wuta!"

Ya leƙa waje ya kira maƙwabcinsa, tela Nashiru, mutumin Bawku.

"Zo ka ga aikin 'yata. Ka taho da lemu, namu ya ƙare!"