Hular da Kiragu Ya Ƙi Sawa

Hular ta ulu ce, ruwan toka, irin wadda masu gadi ke ja har wuya idan sanyin Yuli ya sauka a Nairobi. Nyawira ta sayo ta a bakin hanya, ta ajiye wa mahaifinta a kan tebur ba ta ce uffan ba, sai ka ce hular ce za ta yi bayanin kanta. Mzee Kiragu, wato dattijo Kiragu, ya dubi hular, ya dubi 'yarsa, ya ci gaba da tura lasifikar hagu da gwiwa, kaɗan-kaɗan, har ta zauna inda yake so.

"Baba, ana sanyi fa."

"A cikin ɗakin otal? Da taga a rufe? Uwata, faɗi abin da ke bakinki, kar ki laɓe bayan hula."

Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci, kuma har halin ta kwaso. Ta san ya gane, shi ma ya san ta san ya gane. Abin da ake so hular ta rufe yana nan maƙale a bayan kunnuwansa biyu: na'urar ji, 'yar mitsitsiya, wadda likita ya sa masa bara.

Bana ne karo na farko da aka ba su ɗaki a bene a bikin baje kolin kayan sauti. Da can a ƙasa ake jibge su, tsakanin masu cajar waya da masu rediyon kicin. A bene kuwa manya ne. An kwashe gadajen otal, kowane ɗaki an jera kayan da kuɗinsu zai gina gida a Kiambu, an sa kujeru, ta tsakiya ta babban baƙo. Mutanen benen nan wasu irin bayin Allah ne. Mutum zai rantse maka ya ji bambancin wayar jan ƙarfe da ta azurfa. Za su zauna su rufe ido, su tsuke baki, ba rawa ba tafi, kamar an zo zaman makoki. Kowa a cikinsu abin alfaharinsa ɗaya ne, wato kunnensa. Ka zagi motarsa ya yi dariya, amma ka ce kunnensa ya fara nauyi, to kun ɓata har abada.

Cikin waɗannan mutane Kiragu zai tsaya ya ce shi ya ƙera lasifika, shi ya daidaita muryarta, alhali da inji a kunne.

Kunnen kuma ba a banza ya tafi ba. Tun yana saurayi a unguwar Kariobangi aikinsa ɗaura wa matatu, wato motocin haya na garin, kayan kiɗa, irin wanda in motar ta wuce sai gilashin shaguna ya ɗauki rawa. Ya kwanta a ƙarƙashin kujerun fasinja, kansa a jikin akwati, direba na ihun a ƙara. Da kuɗin matatu ya ciyar da gida, da shi Nyawira ta yi karatu. Sai da gemu ya yi fari ya samu sukunin yin abin da ransa ke so: dogayen lasifiku biyu na katakon zaitun, waɗanda ba sa ihu, magana suke yi. Su ne a tsaye a ɗakin nan, da sunansa a rubuce a gindinsu. Shagonsu kuwa ya zuba duk abin da yake da shi a kansu. In Bwana Lobo ya ɗauke su, shago ya rayu. In bai ɗauka ba, sai a koma ƙarƙashin kujerun matatu.

Bwana Lobo shi ne mai kanti ɗaya tilo a garin da masu irin wannan kuɗi ke shiga. Al'adarsa kowa ya san ta. Zai shigo da faifansa a hammata, ya miƙa, ya zauna a kujerar tsakiya, ya rufe ido. In ya zauna har waƙar ta ƙare, kayanka sun shiga kantinsa. In ya miƙe a tsakiya, sai ka fara neman kwali. Ba ya yawan magana, gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa, har ana cewa duk unguwar Westlands ba mai girman kansa.

"Yau kaɗai, Baba," in ji Nyawira. "Ko ka sa hular, ko ka cire su ka sa a aljihu, ni zan yi magana. Ko kuma ka sauka ka sha shayi, in ya tafi in kira ka."

"In sauka. Kamar ɗan akuyar da ake ɗaurewa a bayan gida in baƙi sun zo."

"Ba haka nake nufi ba."

"To me kike nufi? Kina jin kunyata ne?"

Nan idonta ya kawo ruwa, don ba kunya ba ce, tsoro ne, kuma tsoronta yana da hujja. Ita ke zuwa wajen masu katako, ita ke kallon fuskar ma'aikatansu in wata ya ƙare. "Baba, mutanen nan ba su da imani. Suka ga abin nan, kafin azahar labari ya gama bene: kurma ya ƙera lasifika. Ba wanda zai saurara, dariya kawai za su zo yi."

Maganar ta soke shi, ba ƙarya. Ya ɗauki hular ya juya ta a hannu. Da zai sa, da shi ke nan, kowa ya huta. Amma ya tuna yadda ya yi shekaru yana gyaɗa kai a cikin hira alhali bai ji an ce komai ba, yana dariya don ya ga ana yi. Ranar da aka sa masa na'urar nan, a bakin asibiti ya tsaya yana sauraron tsuntsaye kamar wawa. Yanzu kuma a ce ya koma wancan gyaɗa kan, a gaban aikin hannunsa? Ya mayar da hular kan tebur.

"Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Uwata. Sunana ne a jikin katakon nan. Inda suka tsaya, nan zan tsaya, da kunnen da nake da shi."

Ai kuwa ba a kai azahar ba. Mutiso, mai ɗakin da ke kallon nasu, wanda ke shigo da kaya daga Turai, ya leƙo da kofin shayi da mandazi, wato fanken can, a hannu. Yaro ne mai tashen kuɗi, ga baki kamar reza. Idonsa ya sauka a kunnen Kiragu, ya yi turus, sai murmushi ya bazu a fuskarsa.

"A'a, Mzee! Wannan ma na sayarwa ne? Ashe lasifika huɗu ka kawo mana, biyu a ƙasa biyu a kunne!"

"Waɗannan ba na sayarwa ba ne, yaro. Naka suna hanya, ka dai ci gaba da zama kusa da wancan tulin ƙarfen naka."

"Ni dai tambaya nake. Wa ya ji maka su da kake ƙerawa? Ko da hannu kake lalube?"

"Da kunnen da ya yi aiki. Kai naka me ya taɓa yi ban da riƙe tabarau?"

Mutiso ya fita yana ƙyaƙyata dariya, kuma kamar yadda Nyawira ta faɗa, labari ya riga su zagaya bene. Mutane suka yi ta leƙowa, ba don lasifika ba. Su dubi katako sama-sama, su saci kallon kunne, su fita suna taɓa juna. Nyawira ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushin dole. Kiragu kuwa sai ma ya juya musu gefen kansa da kyau, don kar wani ya wahalar da wuyansa.

Da la'asar Bwana Lobo ya iso. Dattijo ne siriri, da kwat mai ruwan ƙasa, faifai a hammata. Nyawira ta gaishe shi sau biyu, ya wuce ta kamar ba da shi take ba. Bayansa ɗaki ya cika, har Mutiso ya bar nasa kayan ya zo ya jingina da bango, don irin wannan kallo ba a ba mutum labari.

Lobo ya miƙa faifan. Kiragu ya karɓa, amma bai juya ga na'urar kiɗan ba. Ya tsaya a gaban dattijon sosai, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Bwana Lobo, kafin ka zauna. Ka ga wannan?" Ya ɗora yatsa a bayan kunnensa na dama, sannan na hagu. "Matatu suka cinye mini kunne, likita ya ba ni aron wani. Da shi na ƙera waɗannan, da shi na saurare su. An ce in sa hula in rufe, na ƙi. In kurma ba ya shiga kantinka, ga faifanka, kar mu ɓata wa juna lokaci."

Nyawira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Lobo ya daɗe yana kallon bakin Kiragu, sannan ya dubi kunnen, sannan ya je ya zauna a kujerar tsakiya ya rufe ido.

Kiragu ya ɗora allura a kan faifan. Tsohon kiɗa ne na mutanen bakin teku, da goge da ƙaramar ganga, sai wata mace da ta shigo da murya a hankali. Sautin ya cika ɗakin ba tare da ya ture kowa ba. Kiragu ya ji shi sarai, ya san bai yi abin kunya ba, ko da me za a yanke.

Ba a kai rabin waƙar ba Lobo ya buɗe ido, ya ɗaga hannu.

"Tsayar."

Ya miƙe tsaye. Wani a baya ya ja tsaki na tausayi. Mutiso ya dubi silin yana danne dariya. Nyawira ta riƙe ƙofa. Kiragu ya ɗage allurar, kansa a sama. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, ya riga ya hango kansa kwance a ƙarƙashin kujerar fasinja da furfurarsa. Duk da haka bai yi da-na-sani ba.

Sai dai Lobo bai nufi ƙofa ba. Miƙewa ya yi don hannunsa ya kai aljihun wando. Ya laluba, ya fito da wani ɗan akwati baƙi wanda bai kai na ashana ba. Ya buɗe shi a gaban kowa. Ya ɗauko abu na farko ya maƙala a bayan kunnen dama, ya ɗauko na biyu ya maƙala a hagu. Irin na Kiragu ne sak, har launin.

"A mota nake cire su," in ji shi, ba tare da ya dubi kowa ba. "Duk shekara, a wurin ajiye motoci. In hau nan in zauna in yi ta kaɗa kai." Ya koma ya zauna, ya gyara kwat. "Faifan matata ne, Allah ya ji ƙanta. Na daɗe ban ji shi a kan kayan kirki ba. Maido shi daga farko, Mzee."

Wani dattijo mai sanƙo da ke kujerar baya ya kai hannu ya dafe aljihun rigarsa, ya sunkuyar da kai.

Kiragu ya sake ɗora allura. Wannan karon Lobo bai rufe ido ba. Da matar ta shigo da muryarta sai leɓensa ya fara motsi yana bin ta, hawaye na gangarowa, bai ko share ba. Goge ya yi nasa ya gama, ganga ta yi shiru, allura ta kai ƙarshe tana ƙas-ƙas a fili, mutumin nan yana zaune daram a kujerar tsakiya.

Sai da Nyawira ta zo da kanta ta ɗage allurar sannan ya juyo ya dube ta.

"Ke ce kika gaishe ni ɗazu, ko? Yi haƙuri, 'yata, ban ji ba. Ranar Litinin a kawo su kanti. Kar a goge sunan."

Ta juya ta dubi mahaifinta. Shi kuwa ya riga ya ɗauki hular daga kan tebur. Mutiso na ƙoƙarin sulalewa ta bayan mutane, Kiragu ya tare shi a bakin ƙofa ya cusa masa ita a hannu.

"Ungo, yaro, ajiye. Sabuwa ce fil, ba a taɓa sawa ba."