Dutsen Batir a Ɗakin Baba Salmanu

"Atika, miƙo min mitar nan," in ji Baba Salmanu daga kan katifa. Matarsa ta harare shi, amma ta miƙa masa mitar gwada batir ɗin.

Katanga ce kawai tsakanina da su a Tudun Wada, ni kuwa ba na jin motsi a maƙwabta in zauna, shi ya sa na faɗo gidan ko mayafi ban gyara ba. Baba Salmanu ya tsufa yana cajin batirin mota a bakin titi, har ciwon ƙoda ya kwantar da shi. A bakin ƙofa 'yarsa Naja'atu ce durƙushe, saukarta ke nan daga mota. Tun da ta gama karatun duwatsu a jami'a, wani kamfani ya ɗauke ta aikin neman litiyom a dajin Nasarawa, ma'adinin da ake yin batir da shi. Uban ya ƙi sa wa aikin albarka. Cewa ya yi mace ba ta shiga rami, kuma shi da ya san batir ciki da waje bai taɓa ganin dutse a cikinsa ba. Albarkar nan ta zo nema, duk kuwa mun san lokaci ya ƙure.

Tsarabarta wani farin dutse ne mai ɗan ja-ja, kamar curin kanwa. Tsohon ya ɗora masa wayoyin mita, ja a nan, baƙa a can. Allura ko gezau.

"Injiniya, batirinki ya mutu."

"Baba, sai an niƙa shi, an dafa, an tace tukuna."

"Ashe koko kuke damawa a dajin."

Muka fashe da dariya, shi ma ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya tambaye ta su wa ke saye.

"Masu ƙera motocin lantarki, Baba. Rububinsa suke yi. So muke a zuba jari a tace shi a nan gida, a daina kwasar shi ɗanye."

"Uhm," kawai ya ce, ya tura dutsen ƙarƙashin matashi. Raina ya ɓaci sosai. Mutum ƙafa ɗaya a kabari, amma taurin kai na nan daram.

Aka kira la'asar. A kwanakin nan ruwa na sa shi rawar sanyi, sai dai taimama. Inna Atika ta ɗauko dutsen da ya saba amfani da shi daga bayan ƙofa.

"Mayar da shi," ya ce.

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya fito da na Naja'atu. Ya yi bisimilla, ya dafa shi da tafukansa biyu, ya shafi fuska, ya sake dafawa ya shafi hannaye. 

"Wuta dai babu," ya ce, "amma yana da tsarki. Allah ya yi miki albarka, ke da ramin naki."

Naja'atu tana kuka tana dariya, ta kasa ko cewa amin, sai mu muka amsa mata.

Da shi ya yi ta taimama har safiyar Juma'a, da Allah ya karɓi abinsa. Da Naja'atu za ta koma aiki, ta bar wa uwarta dutsen a kan taga. Gefen da tafukansa ke sauka ya ɗan yi duhu.