Hagun Bajapane

Nababa yana goge kujerun layi na uku Madam Christina ta leƙo, waya manne a kunne.

"Baba, baƙon yau babban mutum ne a ƙasarsu. Ka gama ka koma baya ka tsaya. In ka sake tare mini baƙo da surutu, katinka na aiki zan karɓa."

"To, Madam."

Shekararsa shida yana shara a wannan ɗakin kallo na Wuse. Ba wanda ya san a da shi ake kallo. Shekara ashirin suka yi da Saleh suna barkwanci a talabijin a Kaduna: Saleh ya saki shirme, Nababa ya cire hula ya maka masa a ka, ya gyara masa zancen. Da Saleh ya rasu aka daina kiransa. Me za a yi da mai duka shi kaɗai?

Bayan azahar aka sa fim ɗin baƙon. Labarin wani mai gadin tasha ne da jirgin ƙasa ya daina biyowa ta garinsu, amma kullum sai ya sa rigar aiki ya fito. Mutum talatin ne a ɗakin mai cin ɗari biyu, yawancinsu ma'aikatan gwamnati da aka aika wa takardar gayyata, rabinsu na latsa waya. Nababa ko tari bai yi ba.

Da aka kunna fitilu, mai fim ɗin ya hau dandamali, wani ɗan tsamurmurin tsoho mai farin kai, Hayashida. Murja, wadda ta yi karatu a Japan, ita ke fassara. Ta ce shi ya shirya fim ɗin, shi ne kuma mai gadin. Ta ce da barkwanci ya fara, irin nasu na mutum biyu, ɗaya wawa, ɗaya mai kwaɓarsa. Abokinsa ya mutu bara. Amma zai ɗan taɓa musu.

Nababa ya lura tsohon bai tsaya daidai lasifika ba. Ya matsa dama, ya bar fili a hagunsa, daidai tsayuwar mutum.

"Ya ce an kai shi ya ga Dutsen Zuma," in ji Murja, "ya burge shi, amma ya ƙi shiga jakarsa."

Hayashida ya karkato kai hagu, ya jira. Shiru. Wani ya yi hamma.

Nababa ya ji hannunsa na ƙaiƙayi. Ya tura shi aljihu, ya dubi Madam a bakin ƙofa.

"Ya ce jiya an ba shi tuwo da miyar kuɓewa, ya sa tsinkensa biyu na cin abinci. Har yanzu lomar farko yake bi."

Kan ya sake karkatowa. Wannan karon ya daɗe a haka, idanun a runtse. Zufa ta tsatstsafo masa a goshi.

Nababa bai san sa'ad da ya jingine tsintsiya ba. Ya hau matakala uku, ya shiga filin nan na hagu, ya cire hula.

Fau!

"Kai, wawan ina ne wannan? Da hannu ake ci!"

Wata mata ta ce, "Innalillahi!" Masu tsaro biyu suka taso.

Hayashida ya yi tangaɗi, ya juya sau ɗaya a kan dunduniya, ya dubi tafin hannunsa kamar yau ya fara ganinsa, ya kai baki zai ciza.

Fau!

"Ba hannun za ka cinye ba!"

Ɗakin ya fashe. Murja ta daina fassara, ba a buƙata. Wannan ya zuba Japananci, wannan ya kwaɓe shi da Hausa, ba wanda ya riga wani ko da ƙiftawar ido. Minti goma suka yi. Da suka gama, tsohon ya sunkuya wa jama'a, ya danna kan Nababa shi ma ya sunkuya.

Daga nan 'yan ofishin jakadancin ƙasarsu suka kewaye Hayashida, suka yi waje da shi. Jirginsa na yamma ne.

Madam ta zo ta miƙa hannu. Fuskarta jiƙe da hawayen dariya.

"Ka daki baƙon ƙasa a gaban manya, Baba. Ba yadda zan yi."

Ya ciro katin daga wuya ya ba ta.

Yana bakin titi yana jiran motar unguwarsu Jiwa Murja ta fito da gudu, biro da takarda a hannu.

"Baba! Baƙon ya ce a rubuto masa sunanka."

"Rubuta Saleh da Nababa."

Ta rubuta, ta ɗago. "Wanne ne kai a ciki?"

Ya dubi takardar.

"Kai masa haka, 'yata. Shi zai gane."