Abin da Basma Ke Ciyarwa

Wata bakwai da rasuwar Mairama, mahaifiyarta Dada ta ji cewa tsokar da likitoci suka yanka a nonon 'yarta tana nan da rai. Kafin sankara ta ɗauke ta, Mairama da kanta ta yarda a ajiye don bincike. Basma ce ke kula da ita a Birnin Kudu, ƙawar Mairama da suka tashi tare a Basirka, wadda ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar ɗakin gwaji.

Abin ya tsaya wa Dada a rai. Ita da ta haifa, ta goya, ba ta da komai sai kabari. 'Yar wani kuwa duk bayan kwana biyu tana ba sauran jikin 'yarta abinci, har tana saka shi a akwatin ɗumi kada ya ji sanyi.

Dada ta hau mota ta je.

"Na zo karɓar abina in binne," in ji ta. "Ke kika haife ta?"

"Inna, zauna ki gani tukuna."

Basma ta kawo wani faranti mai ƙananan ramuka kamar na dara. Ta ce kowace mara lafiya da layinta; a kowane rami ta zuba ƙwayoyin sankarar da ta raya daga tsokar daidai wa daida, ta ɗiga musu magani, wani kaɗan, wani da yawa. Bayan kwana uku sai ta sa rini. Inda suka mutu, ruwan ya tsaya fari. Inda suke da rai, ya rine.

Layin Mairama ya yi shuni har ramin ƙarshe mai magani mafi yawa.

"Maganin da aka yi ta ɗura mata ke nan, Inna. Ko gezau ba su yi ba. Jiya ma na ƙirga, sun ninka."

Dada ta nuna layin ƙasa, wanda ya yi fari tas. "Wannan fa, na 'yar wace ce?"

"Ba a faɗa."

"Tana gida dai. Tana daka wa uwarta," in ji Dada.



Dada ta daɗe tana kallon shunin. Ashe ba 'yarta ake ciyarwa ba, abin da ya cinye ta ne. Ta ja mayafinta.

"Ci gaba da ba shi abinci. Ranar da layin nan ya yi fari, ni za ki fara kira. Ba uwarki ba, ni."