Naɗi Goma Sha Biyu

Karo na huɗu ke nan shafin gwanjon intanet yana dawo wa Abdulwasi'u da tallarsa. Jiya hoton ne ya yi duhu, yau kuma wai bai saka kayan a rukunin da ya dace ba. Ya yi tsaki. Wane rukuni ake saka akwatin da ke kiɗa da kansa?

A wani tsohon gida da ake rushewa a unguwar Hindawiyya ta Makka ya samo shi, wajen aikinsa na kwashe tarkace. Akwatin katako ne mai hannun juyawa, haɗe da naɗin takarda goma sha biyu masu ƙananan huji. In an ɗora naɗi aka juya, iska ta bi hujin, sai kiɗa ya tashi. Saura kwana tara iƙamarsa, takardar zama, ta ƙare, kuma akwatin nan kaɗai yake da shi na sabunta ta.

Bayan azahar tallar ta shiga. Kafin la'asar wani mutum daga Istambul ya rubuto: zai taya da daraja, amma sai ya ga hoton kowane naɗi. Akwati ba naɗi, in ji shi, katako ne kawai.

Abdulwasi'u ya jawo kwalin da ya ajiye naɗin a ciki daga ƙarƙashin gado. Wayam.

"Saudat, ina takardun nan?"

"Tambayi Baba, Abu Marwan," in ji matarsa, tana kiran mijin da alkunyarsa. "Na ga ya hau sama da su."

Baba Tsoho, surukinsa, ya shekara arba'in a Makka yana tsince duk takardar da ke da sunan Allah, ya ƙone ta don kada a taka. Abdulwasi'u ya same shi a kan rufin gida, gaban gwangwanin toka.

"Baba, naɗin nan fa?"

"Mai su, wani Abdurrahman, ya rubuta sunansa a jikin kowanne, ga sunan Allah a ciki. Kai kuma ka ajiye su wajen takalma." Tsohon ya kaɗe hannuwansa. "Kada ka damu, ya waladi, ɗana, ba asara. Na warware su ɗaya bayan ɗaya na duba. Ƙwari sun huhhuda su kaf."

Ba a ɗaga wa suruki murya. Ya ce, "Allah ya ba da lada, Baba," ya sauko.

Wayarsa ta sake ƙara, mutumin Istambul yana jiran hotuna. Abdulwasi'u ya zauna gaban akwatin, ya juya hannun a hankali. Ba abin da ya fito sai hucin iska.