Jinin Aro

"Ni dai ba zan koma asibitin nan ba, ko kura ce ta biyo ni," in ji Tela, yana taka keken ɗinki kamar shi ya yi masa laifi.

Auta ta dafe keken. Ita ce 'yarsa mai aiki a ɗakin gwajin jini, ita kuma ta matsa masa ya kai nasa.

"Baba, ƙwayoyin gwajin sun yi haske. Ƙanana ne, ido ba ya ganinsu, an ƙera su ne su maƙale wa sinadarin da ciwon daji ke zubarwa a jini, kamar ƙarangiya a zani. Naka kaɗan suka kama. Likita ya ce in bincike ya tabbatar, to yanzu abin ya fara, kuma a haka ana warkewa."

Tela ya sauke ƙafarsa daga keken. Kun ga mutumin nan, shekara arba'in yana wasa da allura, amma ta asibiti ko a hoto ya gan ta sai ya nemi hanyar gudu. Ranar gwajin ya kai har bakin layi, ya hango sirinji, sai ya cusa wa ƙanensa Direba katin. Aka kira suna, Direba ya shiga yana dariya, ya fito da auduga a hannu. Ladansa sabon wando.

"Auta, jinin nan fa ba nawa ba ne. Na Baffanki ne."

Ta zauna a kan tarin yadi. "Baba, jini ma aronsa ake yi?"

"To ai jini ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta rasa ta yi kuka ko dariya. "Yau dai tsoronka ya yi rana. Baffa da ƙafarsa ba zai taɓa zuwa gwaji ba."

Sai Tela ya tuna Direba na can yana loda mota, tafiyar wata biyu. Ya miƙe, tef ɗin awo na rataye a wuyansa.

"Ba zai yarda ya fasa tafiyar ba," in ji Auta.

"Tun yana rarrafe nake ja masa kunne."

"Kai kuma fa? Naka jinin har yanzu ba a gani ba."

"Kin cika naci kamar uwarki. Ki ce wa mai sirinjin nan ta nemo ƙarama."

Ya fice, ya bugo ƙofa har almakashi ya faɗo daga ƙusa.